Ƙwayar Ƙurar da Na Raɗa wa Suna

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ajiye wayoyin nan ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. A cikin gidan nan ta faru, dab da dabinon nan da kuke jifa kullum ina hana ku. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, shi ya sa na sa a rubuta muku maganar yadda ta fito daga bakina. Na ji abin da ake faɗa a dangi, wai babbar 'yata ta zo da ɗabi'ar Turawa ta tilasta ni na karya alkunya a gaban mutane. Ba haka aka yi ba. Babu wanda ya tilasta ni. Zan faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran numfashi.

Ku 'yan yanzu ba ku san alkunyar ɗan fari ba sai a labari. A Aujara, inda aka haife ni, inda kuma aka kai ni gidan mijina Malam, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ko wata yarinya a unguwa in sunansu ɗaya, ita ma sai uwar ta nema mata laƙabi. Ba ƙiyayya ba ce wannan. A wurinmu nan ake gane 'yar mutunci, wadda za ta iya riƙe abin da ke ranta kamar yadda ake riƙe garwashi a kasko, ana jin zafin amma ba a zubarwa. Haka uwata ta yi wa yayata Uwani, haka Yaya Uwani ta yi wa nata ɗan, haka aka koya mini, kuma na iya.

Shekarar da na haifi 'yar farina, tauraruwa mai wutsiya ta fito a gabas. Da asuba ake ganinta, in an fito alwala, da jelarta fara tas a miƙe kamar an watsa gari a sama. Tsofaffin mata suka ce wani babba zai mutu, waɗansu suka ce yunwa ce tafe. Ni ina ɗakin jego, ta kafar zana nake leƙenta, jaririya tana cinyata, kuma lokacin ne kaɗai nake samun kallon fuskar yarinyar yadda nake so, kafin gida ya tashi. Ba a yi yunwa ba a shekarar, gero ya yi kyau. Da aka yaye ta, sai yayar Malam ta zo daga Garki ta ɗauke ta, domin ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Gwaggon Garki muke ce mata. Ran da za su tafi ina bakin turmi, ban ɗaga kai ba. Na ji kukan har ya fita zaure, har ya sha kwana. Surfe aka sa ni, amma sai da Yaya Uwani ta riƙe taɓaryar na ga geron ya zama gari.

Tun daga ranar nake ce mata Ta Garki. Gwaggo ta sa ta a boko, kai kuwa ya ɗauka. Daga Garki sai Kano, daga Kano sai Zariya, daga nan muka ji wai ta tafi ƙasar Turawa karatun taurari. Mu kuma muka dawo Dutse da Malam ya buɗe makarantarsa a nan Yalwawa, na haifi sauran iyayenku, su kam na goya su na yi musu tawai son raina. Ita in ta zo da salla sai ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, ina wuni?"

Tun ban je Makka ba take ce mini Hajiya, alhali ƙannenta Iya suke ce mini. Ni kuma sai na amsa wa bango, na ce, "Lafiya lau, an zo lafiya? A kai wa baƙi ruwa." Iyakar hirarmu ke nan, shekara da shekaru.

Ana nan, ana nan, ta yi aure can da wani ɗan Garki da ke aiki a ƙasar da take. Haihuwa ta yi jinkiri har aka daina tambaya. Gwaggon Garki ta kwanta ciwo ta rasu ba ta ga jika ba. Bayan rasuwarta da kaɗan sai ga labarin ciki. Dangin mijin suka ce haihuwar fari a gida ake yinta, a gaban uwa, a yi wankan jego yadda ya kamata. Uwar da ta sani tana ƙasa. Saura ni. Haka ta iso gidan nan da damina, da tsohon ciki, da wata baƙar jaka da ba ta barin kowa ya ɗauka. Yaya Uwani ta taso daga Aujara don ta taya ni, da ƙullin kanwarta da dakakken yaji.

Ta sauka lafiya a asibiti, mace. Ranar suna aka sa wa jaririya sunan Gwaggon Garki, ana ce mata Ummi. Na ci gaba da rabon waina. Abin da ya fi ɗaga wa Yaya Uwani hankali shi ne yadda mai jego take rungume 'yarta a gaban mata, tana sumbatarta, tana kiran sunanta da baki.

"Ke, 'yar fari ce fa," in ji Yaya Uwani. "Ajiye ta mana, idon mutane na kanki."

"Inna Uwani, shekara nawa ina jiranta? Su kalla."

"To, Allah ya kawo mu zamani. Mu a da ko tari ɗan fari ya yi, sai mu ce kazar maƙwabta ce."

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Aikin jego kuwa ni na riƙe shi. Safe da yamma ina hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi yana cin idona, na tafasa babbar tukunya, na tsoma ganyen darbejiya ina watsa mata. Kunun kanwa ta ce likita ya hana ta yawansa, Yaya Uwani ta ce likitan uwarsa da me ta yi jegonsa, aka dai daidaita a kan rabin ludayi. Da an gama wankan safe, ta shayar da Ummi, sai ta buɗe baƙar jakar nan ta fito da kwamfuta ta ɗora a kan filo.

"Mai jego ba ta kallon wannan abu, idonki zai lalace," in ji Yaya Uwani. "Ba hutu suka ba ki ba?"

"Sun ba ni, Inna. Tauraruwar ce ba ta san na haihu ba."

Wata safiya na kai mata kunu, sai idona ya faɗa kan fuskar kwamfutar. Baƙi ne wuluk, kamar gindin tukunya, da waɗansu fararen ɓurɓushi a warwatse kamar an zubar da dambu a faifai. Ba zan iya tambayarta kai tsaye ba, sai na dubi labule na ce, "Ko mene ne ake ta kallo haka tun safe?"

"Ƙura ce, Hajiya."

"Ƙura ta ƙare a Jigawa ne," in ji Yaya Uwani, "sai an je Turai nemanta?"

"Wannan ba ta duniyar nan ba ce, Inna. Ta tauraruwa mai wutsiya ce."

Na ajiye kwanon kunun a hankali don kada ya zube. Na zauna a bakin gado, abin da ban taɓa yi ba in tana ɗakin. Ita kuma ta shiga bayani, tana kallon kwamfutar, ni ina kallon ƙasa. Ta ce sun haɗu su da yawa daga ƙasashe daban daban sun ƙera kumbo, babu mutum a ciki, suka harba shi sama. Wajen shekara goma ya yi yana tafiya cikin duhu da sanyi kafin ya cim ma tauraruwar, yanzu kuma yana biye da ita kamar ɗan akuya da uwarsa. Ta ce tauraruwar nan ba wuta ba ce kamar yadda muka ɗauka. Wani dunƙule ne na ƙanƙara da baƙar ƙura, ya fi duwatsun Dutse girma ko an haɗa su wuri ɗaya, siffarsa kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu, kuma ya fi gawayi baƙi. In ya matso kusa da rana sai ƙanƙarar ta zama tururi ta riƙa feso ƙurar waje, hasken rana ya haska ta. Wutsiyar ke nan. Abin da tsofaffin Aujara suka ce mutuwa ce da yunwa, ashe ƙura ce rana ta haska.

Na ce wa labule, "Ko ita ce ta fito shekarar da aka haifi waɗansu?"

Ta ce, "A'a, Hajiya, wata ce daban. Suna da yawa. Ashe kin tuna?"

Ta ci gaba. Ta ce a cikin kumbon akwai na'urar da ita ta yi shekaru tana aiki a kanta, girmanta bai wuce akwatin kaya ba. Na'urar tana miƙo waɗansu farantai waje, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, ƙura ta riƙa sauka a kansu. Sai wani ɗan hannu na ƙarfe ya janyo farantin ciki, a ɗauki hotonsa da madubin da ke ƙara girman abu, a turo hoton duniya. Abin da muke gani ke nan. Kowane ɓurɓushi a hoton, a zahiri bai kai ƙwayar gero ba, waɗansu ma ido ba ya ganinsu. Daga nan sai su zauna su zaɓi ƙwaya ɗaya, su aika wa na'urar umarni ta harbe ta da wani abu siriri da ya fi gashin kai siranta. Harbin sai ya ɓalle 'yan mitsi-mitsin gutsattsari daga jikinta, su ruga cikin wani bututu. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya.

"Kamar shiƙa ce, Hajiya. Iska ta kwashi ƙaiƙayi ta yi gaba da shi, tsaba ta zauna kusa. Da yadda suka rabu muke gane ko mene ne da mene ne a ciki."

Ashe Malam yana tsaye a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya, da carbinsa a hannu. Shi ma alkunyar yake yi mata, ba ya yi mata magana sai ta bakin wani. Ya yi gyaran murya.

"A tambaye ta, me aka samu a cikin?"

Ta ce kusan rabinta irin abin da ke cikin gawayi ne, wanda kuma shi ne ginshiƙin jikin duk wani mai rai, itace da dabba da mutum. Sauran kuwa akwai abin da ke cikin yashi, akwai ƙarfe, akwai abin da ke cikin gishiri da kanwa, akwai abin da ke cikin ƙashi. Ta ce ƙurar nan ta girmi ƙasar da muke takawa. Tun kafin a dunƙula duniya take a daskare can cikin sanyi, ruwa bai taɓa jiƙa ta ba, wuta ba ta taɓa gasa ta ba, tana nan yadda aka yi ta tun farko.

Carbin Malam ya tsaya. Can ya ce, "Subhanallahi," a hankali, ya juya zaure. Ranar ɗalibansa sun ce bai biya wa kowa karatu ba sai bayan azahar.

Ni kuwa na fito tsakar gida na tsaya a bakin murhu. Na shafa gindin tukunyar wanka, baƙin ya kama yatsana. Na dubi ƙullin kanwar Yaya Uwani, na dubi wuƙar yankan kuɓewa, na dubi jiƙaƙƙen yashin da ruwan daren jiya ya tara a bakin rariya, na dubi bayan hannuna da jijiyoyinsa. Jikokina, tun ina yarinya nake jin malamai suna cewa daga ƙasa aka yi mu, na yarda kuma ban taɓa shakka ba. Amma ban taɓa tsammanin kayan da aka yi mu da su suna can a ajiye a bayan rana ba, a wurin da tsuntsu bai taɓa zuwa ba, babu mai gadi, babu mai kallo, ƙwaya ƙwaya, kuma Mai su bai manta da ko ɗaya ba. Na zauna a kan turmi. Hadari yana haɗuwa a kan duwatsu, na ɗaga kai na kalli sama, sai na ga ashe duk rayuwata rufin ɗaki na ɗauke ta, alhali ƙofa ce.

Daga ranar kullum da hantsi ina da dalilin shiga ɗakin. Yau na zo ɗaukar kwano, gobe na zo neman tsintsiya. A nan na gane cewa kowace ƙwayar ƙura da suka gani sai sun raɗa mata suna, don kada su rikita wannan da waccan. Bi da bi suke yi, kowa da ranarsa. Ta nuna wa Yaya Uwani wata ta ce sunanta Garki. Wata doguwa mai kama da ƙwayar shinkafa, sunan Gwaggo ta sa mata. Wata 'yar ƙarama a gefe, Ummi.

"Ƙura da suna," in ji Yaya Uwani. "Ragon fa, wa ke yankawa?"

Muka yi dariya har da ni. Kwanakin nan su ne mafi daɗi, kuma su ne suka kawo abin da ya biyo baya. Da Yaya Uwani ta ga ɗakin ya yi haske, sai ta ga lokacin maganar ya yi. Wata la'asar tana matsa wa jaririya ciki ta ce, "To, in an yaye wannan sai a kawo wa kakarta, yadda aka saba. 'Yar fari ba ta tashi a hannun uwa."

Mai jego ta miƙa hannu ta karɓe 'yarta.

"Babu wanda zan ba, Inna. Ni na san yadda abin yake."

Da yamma muka shiga wanka, daga ni sai ita, tururi ya cika wurin. Ta juya mini baya, ina tsoma ganye ina watsawa. Muryarta ba ta da faɗa ko kaɗan, da ma da faɗan ne da ya fi sauƙi.

"Hajiya, in na yi arba'in zan koma, kuma ban ga abin da zai sake kawo ni ba. Wadda nake zuwa dominta ta tafi. Na gode da ɗawainiya, kin yi mini duk abin da ake yi wa baƙon kirki."

Na tsoma ganye na watsa.

"Ko sau ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ina ƙarama har na tambayi Gwaggo ko kin san shi."

Ko na san shi. Sunan da nake faɗa a zuci a kowace sujada, kafin na kowa. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "A juyo, ruwan zai huce." Ta juyo, muka gama, muka fito.

Kwanaki suka yi ta tafiya, arba'in tana matsowa, mijinta ya bugo waya ya faɗi ranar jirgi. Ni ina ta juya maganar. In na kira sunan, na zubar da abin da uwata ta ba ni, na kunyata Yaya Uwani da ta tsaya a kaina tun ina amarya, kuma duk shekarun da na yi ina danne zuciyata sun zama kamar wauta. In ban kira ba, za ta tafi da Ummi, jikata ta tashi ba ta san hanyar Yalwawa ba. Abin da ya riƙa dawo mini a rai shi ne tauraruwar nan. Tun kakannin kakanni ake hangenta daga nesa, kowa yana faɗin abin da ya ga dama a kanta, kuma duk ba daidai ba. Sai da aka je har inda take aka taɓa ta. 'Yata ma daga nesa take hangena.

Wata rana da hantsi, saura kwana kaɗan ta tafi, ɗakin cike da mata 'yan barka daga Aujara da Garki. Ta nemi afuwa ta buɗe kwamfutar, ta ce abokan aikinta suna jiranta. Fuskokinsu suka fito a ƙananan tagogi, wani tsoho mai farin gemu, wata mata mai gilashi, suna ta magana da sauri kamar an yi musu albishir. Sai hoton ya bayyana. Wata ƙwaya ce babba, ta fi duk waɗanda na taɓa gani, ta faɗo kan farantin ta buɗe kamar curin fura da aka danna da yatsa, gutsattsarinta sun kewaye ta. Haske ya bugo ta gefe, har inuwarta ana gani. Mata suka matso suna leƙe.

"Yau ni ce da raɗin suna," in ji ta da Hausa, tana jijjiga Ummi. "Kuma sunayena sun ƙare. Na sa Gwaggo, na sa Malam, na sa Inna Uwani ma, ga ta can, mai kaifin baki."

"Allah ya shirye ki," in ji Yaya Uwani, tana murmushi.

Na ce wa labule, "Masu raɗa wa waɗansu, su an raɗa musu?"

"Ba a sa wa kai, Hajiya. Sai dai wani ya sa maka."

Na dubi ƙwayar. Tun kafin a yi ƙasa take yawo a cikin duhu, babu wanda ya taɓa kiranta. Na saki labulen na juyo na dubi 'yata a ido, karo na farko tun ɗakin jegon Aujara. Idon Malam ne da ita, goshin kuwa na uwata.

Na ce, "Saratu."

Wata mata ta sa hannu ta rufe baki. Muryar tawa ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. 'Yata ba ta motsa ba, hannunta yana kan bayan jaririya.

"Ban ji ba," in ji ta.

Ta ji. Kowa a ɗakin ya ji. Na san ta ji, ita ma ta san na sani.

"Saratu," na sake cewa, yadda ake kiran yaro daga tsakar gida ya zo ya ci tuwo. Har zaure aka ji. Karatun ɗalibai ya tsaya.

Ta sunkuyar da kai ta danna haruffan da yatsa ɗaya, hawaye yana ɗiga a kan zanen goyo. Tsohon nan mai gemu ya karanta sunan da irin harshensu, ya tambaye ta wani abu, ta amsa masa. Daga baya na ce me ya ce. Ta ce tambaya ya yi wa ya zaɓa.

"Na ce masa Iyata ce."

Yaya Uwani ta tashi ta shiga ɗakina ta ɗaure kayanta, ko abincin rana ba ta tsaya ci ba. Na bi ta har zaure ina ba ta haƙuri, ina cewa ta bari ko ruwan sama ya ɗauke. Ku ba ku san Habibu ba, ɗan farinta. Mota ta kashe shi a hanyar Kano yana saurayi, kuma har aka fita da shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko kuka ba ta yi a gaban mutane ba, aka yi ta yabonta. Ta tsaya a bakin zaure da ƙullinta a ka, ba ta dube ni ba.

"Ke kin samu taki a raye kin kira. Ni wa zan kira?"

Ta fita cikin yayyafi. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban san da shi ba sai da na ji daga bakinta. Duk da haka, da za a mayar da ni ranar, zan sake kira.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Yaya Uwani ba ta sake taka gidan nan ba. Ni nake zuwa Aujara, ta karɓe ni ta ba ni fura, mu yi hirar kowa da komai ban da wannan. Da ta rasu ni na yi mata wanka. Malam ya rayu shekaru kaɗan bayan nan, bai taɓa kiran sunan ba, amma ya daina cewa a tambaye ta, yana tambayarta da kansa, kuma tambayoyinsa ba sa ƙarewa. Matan da ke ɗakin su suka kai labari dangi, kowacce da irin gishirin da ta ƙara, shi ne kuke ji har yau. Ummi ta girma a hannun uwarta, Hausarta da ɗan gargada, amma ta san hanyar Yalwawa, kuma ita ta fi ku duka jifan dabinon nan. Saratu ta koma ranar da aka sa, bayan 'yan makonni ta bugo waya ta ce, "Iya, an buɗe takwarata." Na ce me aka samu. Ta ce gawayi da yashi da ƙarfe da gishiri, kamar 'yan uwanta, kamar kowa. Duk shekara tana zuwa, wani lokaci da damina, wani lokaci da salla.

Kumbon kuwa, da aikinsa ya ƙare, sai suka sauke shi a hankali a jikin tauraruwar, ya yi shiru. Yana can har yanzu, da na'urar a cikinsa, da ɗan farantin nan, da ƙwayar da na raɗa wa suna. Saratu ta ce tauraruwar takan yi nisa har ta shiga sanyi, bayan shekara shida da wani abu ta juyo ta dawo kusa da rana, kuma haka za ta yi ta yi bayan babu ni, babu ku, babu jikokinku. Ido ba ya ganinta. Amma in na idar da sallar asuba nakan fito gindin dabino na ɗaga kai, na kira sunan sau ɗaya, a fili. In kun ji, kada ku ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ba zan rufe muku da ƙurungus ba, domin wannan ba ta ƙare ba, tana can tana zagayawa.